Doguwar Motar Avarachan da Hauren Gopalan

Akwai wani mutum a nan Nilambur mai suna Avarachan, ɗan kasuwar katako. Ajinmu ɗaya da shi a makarantar mishan. Abin da zan faɗa muku, wani na gani da idona, wani kuma na ji daga bakin waɗanda suka wanke jinin.

Abu biyu ya gada daga mahaifinsa: wata tsohuwar mota da ta gama cin zamaninta, da toron giwa mai suna Gopalan.

Gopalan ne ke fito da gumaguman itacen tik daga daji. Yakan cije igiya ya ja gungume har bakin hanya. A can sai a jingina itatuwa biyu a jikin mota, shi kuma ya sa haure da goshi ya mirgina gungumen sama har ya hau gadon motar.

Mai kula da shi wani tsoho ne, Kelu. Shi ya fara ɗora Avarachan a wuyan giwar tun yana yawo ba wando.

Mahaifin Avarachan yana da ƙa'ida guda a kan sayen mota. Yakan ce, ka je ka tsaya a gefenta. In gadonta ya wuce ƙirjinka, ka bar ta, don abin da giwa ta tura sama da nan, kan giwar yake dawowa. Avarachan ya san wannan tun kafin ya iya rubuta sunansa.

Wata rana tsohuwar motar ta mutu da kaya a daidai ƙofar injin yanka katako na Pokker Haji, a Kallai. Sai da ma'aikata suka fito suka tura ta. Pokker Haji na zaune a inuwa yana shan shayi.

Ya ce, "Avarachan, wannan mota ce, ko kakarka ka kawo mana jinya? Bar ta nan mu yanka ta tare da katakon, ko ma samu na hura wuta."

Wurin ya kece da dariya, har da direban Avarachan, wani mai suna Vasu, wanda ya yi ta ƙoƙarin mayar da tasa tari.

Avarachan ya naɗe zanensa, irin wanda mazanmu ke ɗaurawa, zuwa gwiwa. Ya ce, "Haji, yi dariyarka. Kafin damina zan shigo ƙofar nan da gungumen da zartonka bai taɓa cin irinsa ba, ina zaune a samansa. Ranar duk mai son yi mini magana sai ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi."

Pokker Haji ya ce, "Allah ya nuna mana. Zan sa a ɗaure mini tawa da igiya."

Wasa yake yi. Amma Avarachan bai ɗauke shi wasa ba.

Ya ɗauki Vasu suka tafi Coimbatore. A filin wani dillali akwai motoci biyu da suka dace da aikin katako. Ɗaya koriya ce, gajera, mai kama da kunkuru. Ɗayar kuwa ja ce, doguwa, mai taya goma, da madubai kamar ɗakin amarya.

Avarachan ya tsaya a gefen koriyar. Gadonta ya tsaya masa a ƙirji. Ya je ya tsaya a gefen jar.

Vasu ya ce a hankali, "Maigida, ta kai maka hanci fa."

"Ƙasar wurin ce ba daidai ba."

"Ai siminti ne, maigida."

"Na tambaye ka?"

Dillalin ya matso yana murza hannu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, gajeriyar nan ta masu kai rogo kasuwa ce. Ko jiya ma yaran wani Haji daga Kallai sun zo sun duba ta, sun ce za su dawo."

Avarachan ya yi murmushi. Ya ce, "Ta dace da shi. Ba ni makullin jar."

Ranar da suka dawo, gari ya fito kallo. Aka rataya wa motar furanni, fadan coci ya yayyafa mata ruwa. Kelu ya zo daga baya, ya zagaye ta sau ɗaya, ya tofar da ganyen da yake taunawa.

Ya ce, "Mota ta yi kyau, ɗan maigidana. Sai mu haƙa mata rami a wurin lodi, ta riƙa shiga da baya. Gadonta zai sauko, Gopalan ya yi aikinsa."

"In sa sabuwar motata a rami? Mutane su ce na binne ta tun ba ta yi tafiyar fari ba?"

"To mu gina tudu a gefe."

"Kelu, ɗaga kai ka dubi sama. Kafin ka gama tudunka ruwa ya sauka, hanya ta rufe. Giwar nan ta ci ganyen kwakwa da mazarƙwailar gidanmu shekara da shekaru. Ta biya."

Tsohon ya juya ya koma wurin giwar.

Gungumen da ya yi wa Haji cika baki a kansa yana can a gangaren dutse. Mutum uku sai sun haɗa hannu kafin su zagaye shi. Gopalan ya jawo shi bakin hanya yana huci, aka jingina itatuwa biyu a jikin jar mota, suka miƙe tsaye kamar tsani. Hadari ya riga ya haɗu a yamma.

Kelu na wuyan giwar. Ya taɓa bayan kunnensa da yatsun ƙafa. Gopalan ya sa haure ya tura. Gungumen ya hau rabi, ya zamo ya dawo. Ya sake turawa, ya sake dawowa, ya daki ƙafarsa ta gaba. Giwar ta ja da baya ta tsaya tana kaɗa kai.

Kelu ya sauko. Ya ce, "Ya isa haka. Ya ce ba zai iya ba."

Avarachan ya ce, "Shi ya gaya maka? Yaushe ya fara magana?"

"Tun kafin a haife ka."

Avarachan ya fizge sandar ƙugiya daga hannun tsohon. Ya kafa ƙarfen a bayan kunnen Gopalan ya ja. Fata ta tsage, jini ya gangaro har ƙasa. Ya sake kafawa a wurin. Yana ihu, "Tura! Tura, ɗan banza!"

Gopalan ya tura. Ƙafafunsa na baya suka nutse cikin ƙasa. Gungumen ya hau, ya hau, har ya kusa bakin gadon motar. Giwar ta miƙa wuya iya miƙawa, nauyin duka ya koma kan haurenta na dama.

Sai aka ji ƙara kamar an harba bindiga.

Hauren ya karye daga tushe. Jini ya yi tsartuwa ya fesa a jikin sabon fenti. Gungumen ya dawo ya faɗi, ya tsaya a bakin gangare, dutse ɗaya ne ya tare shi.

Kelu ya yi kururuwa ya rungume sandar. "Ka kashe mini ɗa! Ka kashe shi!"

Avarachan ya warce sandar, ya maka masa ita a ka. Tsohon ya zube, fuskarsa ta rufe da jini.

Abin da Gopalan bai yi ba don haurensa, ya yi shi don Kelu.

Ya yi wani kuka da aka ji har ƙauyen da ke ƙasa. Ya sa goshi a jikin jar mota. Vasu ya yi tsalle ya fita ta taga. Motar ta ɗaga, ta kife, gilasanta suka tarwatse. Wani mai saran itace ya tsaya a hanyarsa da gatari, giwar ta naɗe shi da hanci ta buga shi da bishiya, hannunsa ya karye gida biyu. Sauran suka watse cikin daji, wasu har zanensu ya kwance suka bar shi.

Sai Gopalan ya juyo kan Avarachan.

Avarachan ya jefar da sandar ya ruga gangare. Santsi ya kwashe shi. Giwar ta biyo shi, ƙafarta ta ture dutsen da ke riƙe da gungumen. Gungumen ya mirgino ya hau ƙafafun Avarachan biyu, ya tsaya.

Ruwa ya fara sauka. Avarachan na kwance yana ihu, Gopalan na tsaye a kansa, jinin hauren na ɗiga masa a ƙirji. Babu wanda ya isa ya matso.

Wani mai gonar roba da ke kusa ya iso da bindigarsa. Ya saita ta daga bayan bishiya.

Sai ga Kelu ya taso yana tangaɗi, ya tsaya tsakanin bindigar da giwar.

Mai bindigar ya ce, "Tsoho, kauce! Ta haukace!"

Kelu ya ce, "Harbe shi mana. In ya faɗi, sai ka zo ka ɗage gungumen da kanka."

Mutumin ya sauke bindigar.

Avarachan ya ɗago ido. Ya ce, "Baba Kelu... Baba, don Allah." Rabonsa da kiransa haka tun muna 'yan makaranta.

Kelu bai dube shi ba. Ya taka zuwa wurin giwar, ya kwance ƙullin mazarƙwaila daga ƙugunsa. Yana cewa, "Gopalan, ɗana, ni ne. Ga ni, ban mutu ba. Duba, ga ni." Hancin giwar ya zo ya shinshina kansa da ya fashe, ya daɗe a wurin.

Tsohon ya dafa gungumen. Ya ce, "Ɗaya kawai ya rage maka, ɗana. Daga wannan ba zan ƙara sa ka ba. Ɗaga."

Taku ɗaya Gopalan zai yi ya murƙushe kan mutumin da ke kwance. Kowa a wurin ya san haka. Sai ya tsallake shi, ya sa haurensa ɗaya da ya rage a ƙarƙashin gungumen, ya mirgina shi gefe.

Babu motar da za ta kai shi asibiti, tasa na kwance tayoyi a sama. Vasu ya ruga ƙasa wurin da wasu ke lodi, ya dawo da wata mota. Koriya ce, gajera. Pokker Haji ya riga ya saye ta. Mutum huɗu suka ɗauki Avarachan suka shimfiɗa shi a gadonta, ko gwiwar hannu ba su ɗaga ba.

Hanyar asibitin Kozhikode ta ƙofar injin katakon take bi. Pokker Haji ya hango motarsa ta dawo ba kaya, ya fito ya tsayar da ita da faɗa. Da ya leƙa ciki, sai ya ga Avarachan kwance cikin jini. Ya cire mayafin kafaɗarsa ya rufa wa Avarachan ƙafafu, ya hau ya zauna kusa da kansa har asibiti. Bai taɓa tuna masa da maganar hula ba, har ya bar duniya.

Likitoci suka yanke ƙafafun biyu daga gwiwa.

Tushen hauren Gopalan ya ruɓe. Ya daina cin abinci, bai kai wata daminar ba. Kelu ya zauna tare da shi har ƙarshe, daga nan ya koma ƙauyensu. Avarachan ya yi ta aika masa. Bai zo ba.

Jar motar na can har yau, ciyawa ta fito ta tagoginta.

Avarachan ya rayu shekaru da yawa a barandar gidansa, a kan wani allo mai 'yan tayoyi. Duk mai son yi masa magana sai ya sunkuya. Ni nakan zauna a ƙasa in na je, mu ci rogo da kifi, mu yi hirar malamanmu da suka mutu. Maganar motar sau ɗaya ya taɓa ɗauko ta. Ya sa yatsa a kan hancinsa, ya ce, "Na auna ta fa. Nan ta kai mini."

Darasi: Avarachan bai rasa sani ba, girman kai ne ya sa ya take abin da ya sani. In za ka zaɓi kayan aiki, ka duba wanda zai ɗauki nauyin, kada ka duba wanda zai yi kallo. Kuma kada ka ɗaga hannu a kan wanda ke yi maka wahala, mutum ne ko dabba, don wata rana shi kaɗai ne zai iya ɗage abin da ya danne ka. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, musamman wanda kuka san wata baƙar magana na ci masa rai.