Ladingo da Ƙunshin Gwaggo Mai-Yatsu

Dalilin da ya sa ƙaramin kifin nan ja mai fararen zobba ba ya rabuwa da wata halitta mai harbi a ƙarƙashin teku, ku matso ku ji, yara.

A da can, a cikin duwatsun murjani, akwai wata tsohuwa mai kama da fure, yatsunta sun fi ɗari. Gwaggo Mai-Yatsu ake ce mata. Ba ta zuwa ko'ina, ƙunshi take yi, kifaye su kawo mata abinci a matsayin lada. Lokacin yatsunta laushi gare su kamar auduga.

Ana saura kwana uku bikin 'yar Kunkuru, wata kifanya mai suna Ladingo ta je ƙunshi. Gwaggo ta ɗaure ta da zare wuri uku, ta shafe ta da lalle. Da aka kwance, jiki ya yi ja jawur, wurin zaren ya fito fari tas. Ladingo ta yini tana kai da kawowa don a gani.

Sai ƙawarta Kyauta ta tare ta. "Kai, ƙawata, kin fito! Gobe da safe ni ma irinsa za a yi mini, mu yi anko."

"To, madalla," in ji Ladingo. Amma abin bai yi mata daɗi ba. Kyauta ta fi ta tsawo, ta fi ta wutsiya. In ta yi wannan ƙunshin, wa zai kalli Ladingo?

Ta je wajen Gwaggo. "Gwaggo, zanen nan nawa ne ni kaɗai ko?"

"Naki? Da shi aka haife ki? Wanda ya zo zan yi masa, 'yar nan."

Daga nan Ladingo ta wuce gidan Kunamar Ruwa ta roƙi dafi. Kunama ta ce, "Shafe jikinki da yauƙi tukuna, kada ya taɓa ki." Ladingo ta shafe, ta ɗauko dafin, ta faki idon Gwaggo ta juye a kwaryar lalle. Ita dai so take Kyauta ta ji zafi ta fasa.

Da safe Gwaggo ta tsoma yatsunta duka ta kwaɓa. Tana taɓa Kyauta, Kyauta ta ƙwalla ƙara.

"Wayyo! Gwaggo, wuta kika sa mini?"

Ta gudu, masu jiran layi suka watse. Gwaggo ta wanke, ta sake wankewa, dafi ya riga ya shige yatsu. Ladingo ta matso wai jaje, yatsa ya goge ta, ko gezau. Gwaggo ta dube ta, ta daɗe tana dubawa.

"Ke ce."

Ladingo ta sunkuyar da kai.

"Kin kore mini masu ciyar da ni. To, zanen ya zama naki ke kaɗai. Ciyar da ni da sharar gidana ma sun dawo kanki."

Ranar biki Ladingo tana jin kiɗa daga nesa, da ƙunshinta mai kyau, ba mai gani.

Shi ya sa har yau jikokinta, mai zobe ɗaya da mai biyu da mai uku, a tsakanin yatsun Gwaggo suke zaune, harbin ba ya kama su. Halin ma bai bar su ba. Kifi ya zo wucewarsa kawai, sai ɗaya ta fito a guje ta kore shi, wai ko ƙunshi ya zo.