Haƙoran Sallau Arba'in da Ɗaya

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba. Malam Zailani ake ce masa. A wani ƙaramin asibitin kuɗi yake aiki, shi ke kula da kwamfutar inshorar lafiya. Kowane kamfanin inshora da dokokinsa, wannan aiki za su biya, wancan ba za su biya ba. Shi ke shigar da dokokin, kwamfuta ta riƙe su gam. Mutum ne mai kunya, in yana magana sai ka matso kusa.

To, ku saurara. Cikin dokokin akwai wadda ta ce haƙori ɗaya sau ɗaya ake cire shi. In aka sake neman kuɗin cire shi, sai kwamfuta ta ƙi.

Ran nan manajan asibitin, Alhaji Mato, ya tsaya a kansa.

"Zailani, goge mana dokar haƙorin nan. Tana hana mu ci gaba."

Ya sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, ai haƙorin babba in ya fita ba ya dawowa."

"Kai ne likita? A bakinka za a cire?"

"A'a, ranka ya daɗe. Amma hannuna ne zai goge."

"To zaɓi, ko dokar ko kujerarka!"

'Yan uwa, mutumin nan 'ya'yansa biyar. Amma ya miƙe, ya gyara kujerar, ya ce, "Ga ta nan, ranka ya daɗe."

Aka mai da shi bakin ƙofa yana jera babura, albashi rabi. Masu gadi na tsokanarsa, "Malam mai haƙori, an fito?" Sai ya yi murmushi ya ce, "An fito."

Manaja ya goge dokar da kansa. Akwai wani mai faci, Sallau, da aka taɓa cire wa haƙori ɗaya tak. Kullum manaja ya ga katinsa sai ya sake cire masa haƙorin, a kwamfuta, ya karɓi kuɗin inshora.

Bayan wata shida sai ga wata Hajiya daga kamfanin inshora, da tabarau a kan hanci. Ta ce, "Na zo duba Sallau da jiki. Bawan Allah an cire masa haƙori arba'in da ɗaya."

Aka aika aka kira shi. Ya shigo yana fige rake da haƙora, ɓaras ɓaras.

Hajiya ta ce, "Malam, buɗe baki."

Ya buɗe. Ta leƙa, ta dubi manaja. "Alhaji, tsirowa suke yi kamar alayyahu?"

Manaja ya hau tari, ya ce kwamfuta ce ta rikice. Hajiya ta ce ai kwamfuta ta rubuta sunan wanda ya goge dokar, da rana, da lokaci. Sannan ta tambayi wa ke riƙe da aikin a da, don a zamaninsa ko haƙori ɗaya bai ƙaru ba. Aka nuna mata mai jera babura. Ta ce in ba shi ne a kujerar ba, kamfaninsu ya gama da asibitin nan. Ranar mai asibitin ya sallami manaja, Malam Zailani ya koma mazauninsa.

Jama'a, amana ke nan. Ba sai mai babbar murya ke iya cewa a'a ba. Ke mai awo, kai mai ɗinki, kowa akwai dokar da za a ce ya goge don ba mai gani. Kada ku goge. Wanda ya halicci bakin ya san adadin abin da ke ciki. Allah Ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu.