Kalangun Mati Ya Shiga Fiyano

Ku gyara zama, yau sai kun yi gardama.

A wani gari an yi Mati, makaɗin mahauta, wanda shekara arba'in ba a yi hawan ƙaho ba tare da kalangunsa ba. Kwatsam hannunsa na dama ya shanye. Sarkin Fawa ya aiko cewa in Sallah ta zo gidan Mati bai yi kiɗa ba, za a ba wani gida kiɗan. Abin ya ci wa Mati rai, don cikin 'ya'yansa uku babu wanda ya gaje shi.

Babban, Haladu, mai gyaran rediyo ne. Ya tsinto wani tsohon fiyano na lantarki a wajen 'yan gwangwan, har ɓeraye sun haihu a ciki. Kwana tara yana liƙe-liƙen waya kafin abin ya yi ƙara. Mati ya saurara, ya ce, "Wannan ai kukan akuya ne."

Na tsakiya, Isiyaku, a ɗakin naɗar waƙa yake aiki. Ya riƙe wa mahaifinsu kalangu, ya sa shi ya buga da hagu, ɗai-ɗai, ya naɗa, ya zuba cikin fiyanon. Yanzu duk inda aka danna, fatar kalangun ke amsawa. Mati ya ce, "Muryata ce, amma ba ta magana." Gaskiyarsa, don kalangu sai an matsa shi a hammata yake kiran sunan mutum.

Autarsu Larai ba ta san kan waya ba, amma cikin kiɗan nan aka goye ta, taken kowane mahauci yana kanta. Ita ta lura da wani ɗan gare-gare a gefen fiyanon, mai jan sauti sama da ƙasa. Ta ce, "Baba, ga hammatar nan. Ni in danna, kai ka murza."

Ran Sallah Sarkin Fawa ya zo yana hararar akwatin. Da aka saki takensa, sai Sarkin Fawa ya zabura, rawani ya warware, da ƙyar aka riƙe shi kada ya faɗa kan bijimin hawan ƙaho. Yana haki ya ce, "Kiɗa na gidan Mati ne!" Mati ya yi dariya har da hawaye.

Da suka koma gida ya sauko da kalangun gado, wanda mutum ɗaya tak ake miƙa wa. Ya dubi Haladu, ya dubi Isiyaku, ya dubi Larai.

To, jama'a, in ku ne Mati, a hannun wa za ku sa shi?