Karen da Ke Tsoron Mai Sunkuyawa

Akwai wata mata da ke zaune a gefen gari tare da mijinta da 'yarsu Murna, mai shekara shida. Ba su taɓa kiwon kare ba.

Wata rana tana dawowa daga gona, ta ga wani kare kwance cikin kwata a bayan kasuwa. Waya ta ci wuyansa, haƙarƙarinsa duk a waje, ko kai ba ya iya ɗagawa. Ta naɗe shi cikin buhu ta kawo gida.

Mijin ya leƙa buhun ya ce, “Maman Murna, na aike ki masara, kin kawo mana gawa?”

“Da sauran numfashi,” in ji ta.

Ta yanke wayar, ta wanke mikin da ruwan gishiri, ta kira likitan dabbobi ya yi masa allura. Murna ta sa masa suna Tsintau. Cikin wata guda ya miƙe, yana zagaya tsakar gida.

Amma da ƙarfi ya dawo, sai gurnani ya zo tare da shi. Ran wata Laraba, Murna ta kai masa tuwo. Tana sunkuyawa za ta ajiye kwano, ya zabura ya kai mata cizo. Ya yage hannun rigarta, haƙori ya karci fatarta.

Uban ya ɗaure shi a gindin mangwaro ya ce, “Ranar Asabar masu sayen karnuka za su wuce. Su ɗauke shi.” Kowa a garin ya san cewa karen da ya shiga kejinsu, tukunya ce makomarsa.

Murna ta fashe da kuka. Matar ta ce, “Baban Murna, ka bar mini kwana ukun nan.”

“Na bar miki. Amma 'ya ɗaya gare ni.”

Matar ba ta yi gardama ba, gama ita ma ta ga jinin. Ta jawo kujera, ta zauna tana ɓare gyaɗa, idonta a kan karen. Mijin ya wuce ta gabansa da fartanya a kafaɗa, Tsintau bai motsa ba. Ita ta wuce da bokiti, har ya kaɗa wutsiya. Amma da ta sunkuya za ta ɗauki tsintsiya, sai ya ja da baya, gashin bayansa ya miƙe, haƙora a waje. Ta sake gwadawa da gangan. Haka ya sake yi.

Sai ta tuna abin da aka koya mata tun tana ƙarama: in kare ya taso miki, ki sunkuya kamar za ki ɗauki dutse, zai gudu. Ita kanta ta yi haka ba sau ɗaya ba. Ta dubi wani tsohon tabo da ke goshinsa, ta gane cewa duk wanda ya taɓa sunkuyawa a gaban wannan kare, da dutse ya miƙe.

Daga ranar, safe da yamma, takan tsaya nesa da shi ta sunkuya a hankali, ta miƙe da lomar tuwo a tafin hannu, ta jefa masa. Alhamis ya yi gurnani. Jumma'a ma ya yi.

Asabar da hantsi aka ji ƙarar babur a ƙofar gida. Mai sayen karnuka ya shigo da doguwar sanda mai zarge a baki. A bayan babur ɗinsa wasu karnuka biyu na kuka cikin keji.

“Ina mutumin?” ya ce.

Mijin ya nuna gindin mangwaro. Murna ta ƙanƙame zanen uwarta.

“Ku bari in gwada sau ɗaya kawai,” in ji matar. Ta ɓamɓare hannun yarinyar, ta taka har inda igiyar karen ke iya kaiwa, ta wuce wurin. Ta sunkuya, fuskarta daidai bakinsa. Sai a lokacin ta tuna cewa a cikin sauri ba ta ɗauko tuwo ba. Ta buɗe tafin hannunta haka nan.

Tsintau ya yi gurnani. Ya runtse ido yana jiran dutse.

“Maman Murna, fito daga nan!” in ji mijin.

“Mama, in ya cire miki hanci ba ruwana,” in ji mai sandar.

Ba ta miƙe ba. Bayanta ya soma ciwo, gumi na ɗiga daga haɓarta. Karen ya buɗe ido. Gurnanin ya yi ƙasa, ya yanke. Ya miƙo wuya, ya shinshina hannun, bai sami kome a ciki ba. Sai ya lashe shi, ya ɗora haɓarsa a kai.

Mijin ya daɗe yana kallo. Sa'an nan ya juya ya ce, “Malam, yi haƙuri, mun sa ka tsaya a banza.” Da babur ya tafi, shi ma ya zo kusa da matarsa, ya sunkuya a hankali.

Ma'anar wannan misali ita ce, karen nan mu ne. Allah ya tsamo mu daga kwatar zunubi, ya kawo mu cikin gidansa. Amma waɗansunmu sun sha jifa: a gida, a makaranta, wani lokaci har a cikin ikilisiya. Don haka in Allah ya matso, mukan zaci hukunci ya kawo, mu yi gurnani, mu ciji waɗanda ya aiko mana da abinci. Ku tuna, sa'ad da mutane suka taru za su jajjefi wata mai zunubi, Ubangiji Yesu ma ya sunkuya ƙasa, amma bai miƙe da dutse ba.

Ku kuma da kuka daɗe a gidan, in wani sabon zuwa ya yi muku gurnani, kada ku yi saurin kiran mai keji. Ku zauna ku lura da abin da yake tsoro. Sa'an nan ku sunkuya, ku buɗe hannu, ku jira, ko da bayanku zai yi ciwo.