Doyar Tabawa Marar Kai

An yi wani sarki a ƙasar duwatsu, sunansa Jatau, mai sha'awar sanin kowane tsiro na mulkinsa. Wata rana aka ba shi labarin wata doyar daji da masana ba su taɓa gani ba: ganyenta mai yatsu biyar, ɓawonta baƙi, cikinta ja, kuma ba ta da ɗaci. Ya umarta a kawo masa.

Fadawa suka bazama da garemani, suka tono manya-manya har da saiwa. Sai wata tsohuwa, Tabawa, wadda ita ta fara nuna wa mutane doyar, ta kawo guda uku, kowace an datse mata kai. Fadawa, da yake ba sa rasa abin tsegumi, suka ce wulaƙanci ne a kai wa sarki ragowa, a kore ta daga dutsen da take cin abinci a kansa.

Sarki ya dubi alƙalinsa Ɗayyabu ya ce, "Malam, kyauta cikakkiya da kyauta guntuwa, wacce ta fi girmama mu?"

"Ranka ya daɗe, a yi mini jinkiri zuwa ruwan farko, shaidata tana ƙarƙashin ƙasa."

Da damina ta sauka, alƙali ya kai sarki kwazazzabai ukun da doyar ke fitowa, waɗanda ba ta da wani mazauni sai su. Ramukan fadawa sun cika da ruwa, babu ko ɗan tsiro, amma inda tsohuwar ta tona, yaɗo uku sun kama itace.

Aka kira tsohuwar. "Iya, me ya sa kika datse kan doyar?" in ji sarki.

"Zaki, ai kan nan shi ne iri. Na mayar da shi rami don jikokinka. Bara gindi sittin na sani a nan, yau saura goma sha ɗaya."

Kunya ta kama sarki matuƙa, domin umarninsa ne ya yi wannan ɓarna. Nan take ya haramta ƙona wurin da tonon doyar sai da izinin Tabawa, ya sa wa doyar sunan tsohuwar, ya yi wa alƙali alkyabba. Sannan ya ce, "Ku rubuta: adalcin sarki bai cika ba sai ya kai ga waɗanda ba a haifa ba tukuna."