Sifirin Biyu na Ƙofar Auta

Akwai wani bawan Allah mai gyaran ƙofofin ƙarfe, irin manyan nan na gareji da ake ɗagawa sama. Ya fi shekara ashirin a sana'ar, tafin hannunsa duk ya yi kanta. Shi ne babba a gidansu, don haka kowa Yaya yake ce masa.

Yana da ƙani guda, autansu. Yaya ne ya riƙa kai shi makaranta a bayan keke. Auta ya yi karatu, ya samu aikin ofis, ya gina gida mai gareji, ya ɗauko mahaifiyarsu ta dawo wurinsa. Wannan kam ya kyauta, ba za mu tauye masa ba. Sai dai tun da ya fara sa kwat ya daina amsa sunan Auta. Manaja yake so a ce masa, har a cikin gida.

Ko da zai sa ƙofar garejin bai nemi yayansa ba. Wasu ya ɗauko daga nesa, wai su suka san aikin zamani. Yaya ya ji, ya haɗiye.

Inna kuwa garejin ya zame mata ɗaki na biyu. Kullum sai ta shimfiɗa tabarmarta a jikin bangon hagu, inda rana ba ta kaiwa, ta jingina tana kallon masu wucewa.

Irin wannan ƙofa ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Abin da ke sa a ɗaga ta da hannu guda shi ne sifirin biyu, wato murɗaɗɗun ƙarfuna masu miƙewa, da ke saƙale a sama, ɗaya dama ɗaya hagu. In an sauke ƙofar sai su miƙe su ɗame, duk nauyin yana kansu.

Wata Asabar da hantsi, ana cikin sauke ƙofar, sifirin na dama ya tsinke da ƙara kamar an harba bindiga. Inna ce ta kira Yaya a waya.

Da ya iso ya tarar da Auta da abokan aikinsa biyu a tsakar gida. Ya gaishe su ya wuce gareji. Ga abin da ya fara gani. Guntun sifirin ɗin ya yi tsalle ya daki bangon dama, ya fasa siminti ya bar rami, daidai tsayin kan mutumin da ke zaune. Ya juya ya dubi tabarmar Inna. Tana ƙarƙashin ɗaya sifirin ɗin, wanda duk ya yi tsatsa.

Ya ce, "Auta, duka biyun za a canza. Rana ɗaya aka sa su, aiki ɗaya suka sha. Tunda wannan ya gaji, wancan ma yana hanya. Kuma masu aikinka ba su zura igiyar ƙarfe a cikinsu ba. Ita ce ke riƙe sifirin in ya tsinke, kada ya tashi ya sami mutum."

Auta ya haɗe rai, don an kira shi da sunan a gaban baƙi. Ya dubi abokansa ya yi wata 'yar dariya.

"Kun ji halin masu aikin hannu ko? Abu ɗaya ya lalace, su ce biyu ne. Yaya, ni ma za ka yi min wannan? Wancan lafiyarsa ƙalau, ga shi kana gani."

"Ba don kaina na faɗa ba. Dubi inda Inna take zama."

"Inna a gidana take, ni na san yadda nake kula da ita. Ka bar shi kawai, na gode."

Jama'a, ku dubi wannan rashin ta-ido. Mutumin da ya share maka majina kana ƙarami, shi za ka mayar macuci a gaban mutane? Yaya ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya fita.

Washegari Auta ya sayo sifirin guda. Ya jingina wayarsa a kan mota, yana kallon bidiyo yana kwaikwaya. Ya sha gumi, ya ƙuje yatsu, a ƙarshe dai ya saƙala shi. Ƙofa ta hau, ta sauka. Sai ya ɗauki bidiyon kansa yana ɗaga ta da yatsa biyu, ya tura guruf ɗin dangi, ya rubuta: "Aikin shekara ashirin, na koye shi a rabin awa."

'Yan uwa suka yi ta turo alamar dariya, har da waɗanda Yaya ya sha gyara wa ƙofofi don zumunci. Babu wanda ya ce wa Auta bai kyauta ba.

Ran Yaya ya ɓaci ƙwarai. Ranar ko abinci bai iya ci ba. Ya ce wa kansa ba zai sake taka gidan ba, in ƙofar ta ga dama ta faɗo. Amma da ya ɗauki guduma zai yi aiki, ramin nan na bango yake gani.

Ya kira Inna ya roƙe ta ta matsar da tabarmarta. Ta ce, "Can ɗin rana ke dukana. Ƙaninka ya ce ya gyara. Ku daina sa ni a tsakiyarku, don Allah."

Ya san halinta, ba za ta matsa ba. Ya kuma san halin Auta. To ya zai yi? Ya zauna yana riƙon fushi, uwarsa na zaune a ƙarƙashin ruɓaɓɓen ƙarfe?

Ranar Talata, bayan Auta ya tafi ofis, sai ga Yaya da tsani a kafaɗa. Ya ɗaga ƙofar ya tokare ta da bututu. Ya zura igiyar ƙarfe ta cikin kowane sifirin, ya ɗaure bakinta gam a jikin ƙarfen bango. Bai canza tsohon ba, don mai gida bai yarda ba. Ya shafa wa tayoyin ƙofar giris, ya sha ruwan da Inna ta ba shi, ya tafi.

Da yamma Auta ya ga shatin hannu na giris a farin bangonsa. Nan take ya ɗaga waya.

"Yaya, kai ka shigo min gida ba na nan? Kada ka ƙara taɓa min kaya. In gaida Inna za ka yi, ka tsaya a falo."

Yaya ya ce, "Na ji." Ya kashe wayar, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Shi kuwa Auta giris ɗin kawai ya gani, ko kai bai ɗaga ya dubi sama ba.

Bayan sati uku, wata Lahadi da la'asar, hadari ya taso da iska. Inna na kan tabarmarta. Auta ya fito da sauri ya fizgo ƙofar don kada feshi ya shigo. Saura kaɗan ta kai ƙasa tsohon sifirin ya tsinke.

Ƙarar ta cika garejin. Ƙofar ta karkace ta faɗo wa Auta a kan babban yatsan ƙafa. Bai ma ji zafin ba tukuna, Inna ya waiga ya duba. Tana zaune ta dafe ƙirji tana salati. A saman kanta, bai fi kamu biyu ba, rabin sifirin ɗin yana lilo a jikin wata igiyar ƙarfe da bai taɓa sanin tana wurin ba.

Ya dubi igiyar, ya dubi ramin da ke ɗaya bangon.

Inna ta ce, "Ranar da ka ce kada yayanka ya ƙara shigo maka gida, abin da ya zo yi ke nan."

Da safe Auta ya isa shagon yayansa yana ɗingishi, ƙafa a naɗe, ba kwat. Ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa haɗa ido da shi.

"Yaya, ya tsinke."

Yaya ya ajiye sifana. "Inna fa?"

"Ba abin da ya same ta. Igiyar ce ta..." Ya sunkuyar da kai. "Yaya, ka yafe min. Na zubar maka da mutunci a gaban kowa."

Yaya bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya shiga ciki ya fito da sababbin sifirin biyu ɗaure wuri ɗaya. A jikin kwalinsu an rubuta "Auta" da alli, har ƙura ta fara rufe rubutun.

"Tun ranar Asabar ɗin nan na ajiye su," ya ce. "Wanda ka sa ma ba awon ƙofar ba ne, shi ya ƙara wa tsohon nauyi. Ɗauki tsanin mu je, Auta. Kai za ka riƙe min."

Ya ce, "To, Yaya." Ya saɓi tsanin ya bi bayansa yana jan ƙafa.

Darasi: Kada takarda ko kwat su sa ka raina wanda ya tsufa a sana'arsa, balle ɗan uwanka da ya raine ka. Aikin da zai iya cin rai, a bar wa wanda ya san shi. Kai kuma da aka wulaƙanta, kada fushi ya hana ka kare wanda ba shi da laifi. Ku tura wa 'yan uwa su karanta, musamman masu ganin bidiyon rabin awa ya mayar da su gwanaye.