Haɓon Gidan Su Saude

Ku matso ku ji wannan, don a ƙarshe ku ne alƙalai.

A dangin uwar Saude haɓo gado ne. Ana zaune ƙalau sai jini ya ɓalle ta hanci, matan kuma nasu yakan ƙaru in al'ada ta kusa. Ba a zancensa a waje, kada 'yan matan gidan su rasa manema. Saude ta yi aure ta sami ciki, sai haɓon ya koma safe da yamma. Tsoro ya cika ta, amma kunyar cikin fari ta rufe mata baki.

Inna Hansai, ƙanwar uwarta da ta raine ta, ta zo ganinta, ta tarar da tsummokara masu tabon jini shanye a bayan ɗaki. Ta kama hannunta ta ce, "'Yar nan, ciki gare ki. Haka uwarki ta yi da cikin ƙanwarki, muka ce zafin rana ne, muka rasa ta wurin haihuwa." Shekara goma sha tara tana haɗiye wannan magana. Ranar ta sa ta gaba sai asibiti.

Likita ya ce ai masu ciki sukan yi haɓo. Sai Asabe, ƙanwar Saude da ta rako su, wadda bikinta saura wata guda, ta buɗe baki ta nuna masa jajayen ɗigo a leɓe da harshe. "Irin na Yaya ne, likita. Mun gada." Ma'aikaciyar jinyar da ke tsaye a wurin kuwa yayar angonta ce, kuma Asabe ta sani sarai. Nan likita ya gyara zama. Ya ce jijiyoyin jininsu ne ba ƙwari, sinadaran da ciki ke tayarwa a jikin mace kuma suna ƙara sassauta su. Ba a yi mako ba aka ɗage bikin Asabe, har yau ba a sake sa rana ba.

A wata na bakwai dangi suka zo ɗaukar Saude ƙauye, goyon ciki. Mijinta Isiyaku, mutumin da bai taɓa ɗaga ido gaban surukai ba, ya durƙusa ya ce a yi haƙuri, ba za ta yi nisa da asibiti ba. Aka kira shi marar kunya, ya shanye. Wata rana tana tsintar shinkafa sai tari, sai jini ta baki. Nan da nan ya kai ta asibiti, aka toshe jijiyar da ta fashe a huhu. Daga ƙauyen tafiyar awa uku ce.

Ta haifi 'ya mace lafiya. Isiyaku ya daɗe da burin sa sunan marigayiya uwarsa, Zulai, amma ya ce wuƙa da nama suna hannun Saude. Ga ta can da jaririya a cinya, in ta ambaci ɗaya cikin sunaye uku sai hawaye saboda sauran biyun, suna kuma jibi.

To, ku faɗa mata: Hansai, Asabe, ko Zulai don Isiyaku?